Maganin kaskar ƙudan zuma: wanne ne ke aiki a zafin Legas?

Tambayar ta fito ne daga wani bawan Allah mai sana'ar shanu a Oko-Oba, Agege, wanda kuma yake da akwatunan zuma irin na Kenya, wato dogayen akwatuna masu sanduna a sama da ƙuda ke rataya saƙa a jikinsu, a wata gona a wajen Epe. Ya ce da ya ɓare saƙar 'ya'ya sai ya ga wasu ƙananan ƙwari jajaye maƙale a jikin tsutsar. Ya shiga YouTube, ya tarar kowane Bature da maganin da yake yabo. Yana so ya ji wanne ya fi kashe ƙwarin, kuma ko maganin kaskar shanu da ke shagonsa zai yi, tunda wani ya gaya masa sinadarin ɗaya ne.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Bari in fara da ta ƙarshen don ita ce mai gaggawa: kada ka kai maganin shanu kusa da akwatunan nan. Dalilin yana tafe. Ta farkon kuwa, ba ta da amsa guda ɗaya, domin maganin da ya share kaska a Kanada yana iya kashe maka sarauniya a Epe, kuma akwai yiwuwar ƙudanka ba ya ma bukatar magani.

Abin da ka gani a jikin tsutsa kaskar barowa ce, wadda masana ke kira Varroa destructor. Macen ja ce mai duhu, ƙafarta takwas, faɗinta ya fi tsawonta, wajen milimita 1.6 a faɗi. Akwai wani ƙwaro mai ƙafa shida da ake yawan rikita su, amma shi a kan manyan ƙudaje yake zama, abincin bakinsu kawai yake sata, ba ya shiga jikin tsutsa. Asalin barowa daga Asiya take, a jikin ƙudan zuman can wanda ya saba da ita tun fil azal. Da ta tsallaka kan ƙudan Turai sai ta zama annoba. Ta isa Amurka a 1987, Ingila a 1992, Afirka ta Kudu a 1997, Kenya a 2009, nan kudu maso yammacin Najeriya kuma masu bincike sun wallafa tabbacin samunta a 2012. Ko Ostireliya da ta daɗe tana tsare iyakarta, kaskar ta shiga a 2022, a shekarar da ta biyo hukuma ta haƙura da ƙoƙarin kawar da ita.

Wanda bai san inda take ɓuya ba, ba zai gane abin da ya sa wani magani ke ci wani ba ya ci ba. Uwar kaska tana faɗawa cikin ramin saƙa gab da ƙudaje ma'aikata su toshe bakinsa da kaki. Bayan kamar kwana uku a rufe sai ta fara ƙwai, na farko namiji, saura mata, kowane sa'a talatin ɗaya. A cikin ramin suke girma, a ciki suke barbara, suna cin jikin ɗan ƙudan. An daɗe ana cewa jininsa suke sha, sai a 2019 Samuel Ramsey da abokan aikinsa suka nuna cewa kitsen ciki suke ci, wanda ga ƙuda shi ne ke aikin hanta. Ta wannan cizon suke sa masa ƙwayar cutar da ke lanƙwasa fiffike. In ka ga ƙuda yana rarrafe a bakin akwati da fiffike a murƙushe, ga dalilin nan. To a lokacin da akwati ke cike da 'ya'ya, fiye da rabin kaskar, wani lokaci har kashi 80 cikin ɗari, tana ƙarƙashin wannan murfin kaki. Yawancin magunguna ba sa ratsa shi. Na kan manyan ƙudaje kawai suke samu.

Yanzu ga abin da bidiyon Turawa ba zai gaya maka ba. Ƙudan da ya shiga akwatinka ɗan Afirka ta Yamma ne, wanda masana ke kira adansoni, ba na Italiya ba. Kai da ke cikin shanu ka san bambancin Bunaji da saniyar madarar da aka sauke daga jirgi: kaskar da Bunaji ke yawo da ita tana kiwo, ita ce ke kwantar da ta Turawa. Haka abin yake a nan. 'Ya'yan ƙudanmu ba sa daɗewa a rufe kamar na Turai, saboda haka kaska kaɗan ce ke samun balaga kafin ramin ya buɗe. Ƙudanmu yana ƙwaƙule ramin da ya ji akwai matsala, yana tsefe jikinsa, yana yawan rabuwa, kuma in wuri ya dame shi sai ya tashi gaba ɗaya ya bar saƙar da kaskar da ke ciki. Wannan tashin da ke ba mu haushi, magani ne a wurinsa.

An gwada wannan a fili. Da barowa ta shiga Afirka ta Kudu, yawancin masu kiwo ba su sa magani ba. Mike Allsopp ya bibiyi abin, ya ga an yi asara a farko, amma ƙudan yankin Kef ya daidaita da ita cikin shekara uku zuwa biyar, na sauran ƙasar cikin shida zuwa bakwai. A Kenya ma binciken da aka wallafa a 2014, wanda cibiyar nazarin ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta sa hannu a ciki, ya tarar da kaskar ta bazu amma ba ta rusa amyoyi ba, har ya ba da shawarar kada a fara zuba magani. A ganina wannan shawara ta fi duk wani kwalin magani daraja a gare mu. In muka ɗauki ɗabi'ar ba kowane akwati magani duk shekara, za mu riƙa ceto ragwayen gidaje suna hayayyafa, mu lalata da hannunmu juriyar da Turawa ke kashe maƙudan kuɗi suna neman irinta.

Sai dai ban ce ka naɗe hannu ba. Ƙirgawa za ka yi. Ka samu kwalba mai faɗin baki, ka huda murfinta ka manna ragar waya mai ido kamar milimita uku. Ragar sauro ba za ta yi ba, ta yi ƙanƙanta, kaskar ba ta wucewa. Da yamma in rana ta yi sanyi, ka ɗaga sandar da ke da 'ya'ya, ka duba da kyau sarauniya ba ta kai, ka kakkaɓe ƙudan a cikin baho. Masu fita kiwo za su tashi, masu reno za su rage, su kake so. Ka ɗebi kusan cikin ƙaramin gwangwanin madara, a rage kaɗan, wannan wajen ƙuda 300 ke nan. Zuba a kwalba, ƙara sifirit ko ruwa da ɗan sabulun wanke-wanke har ya rufe su, girgiza minti ɗaya cur, sannan ka tace a kan farin ƙyalle. Za ka gan su, jajayen ɗigo a kan fari. Ka ƙara ruwa ka sake girgizawa don waɗanda suka maƙale. Eh, ƙudan 300 ɗin za su mutu, amma gidan da sarauniyarsa ke zuba ƙwai sama da dubu a rana ba zai ji ba. Akwai hanyar garin sukari wadda ba ta kisa, sai dai a danshin Legas sukarin dunƙulewa yake yi, lissafin ya fito ƙasa da gaskiya, mutum ya koma gida da kwanciyar hankalin ƙarya.

Ma'aunin da ake bi a ƙasashen waje shi ne kaska 2 zuwa 3 a kan kowane ƙuda 100, wato 6 zuwa 9 a kwalbarka. Don ƙudan Turai aka tsara shi, saboda haka kada ka firgita in ka ga 10 a gida mai ƙarfi, mai saƙar 'ya'ya a cike ba gurbi. Ka rubuta, ka dawo bayan wata guda. Wanda zai sa in ɗauki mataki shi ne gidan da lissafinsa ke hawa wata bayan wata, saƙar 'ya'yansa ta yi tsalli-tsalli, ga masu lanƙwasasshen fiffike a ƙofa. Kuma kafin ka ɗora wa kaska laifi ka duba sauran maƙiya, domin a Epe da Ikorodu da Badagry abin da ya fi cinye akwati shi ne ƙaramin buzuzun amya, da asun kaki, da tururuwa, da yunwar tsakiyar damina, da feshin gonar maƙwabci.

To in ya tabbata sai an yi magani, ga yadda suke.

Mafi ƙarfi a takarda su ne fallayen roba da aka jiƙa da sinadari, ana rataya su tsakanin saƙoƙin 'ya'ya. Ba sa kai wa kaskar da ke ƙarƙashin murfin kaki, amma da yake suna zama makonni, duk kaskar da ta fito daga rami tana gamuwa da su. Na farkon da suka yi tashe su ne Apistan mai fulubalinet da Bayvarol mai fulumetirin. Da suka fito suna kashe sama da kashi 95, har masu kiwo suka ɗauka an gama. A farkon shekarun 1990 kaskar arewacin Italiya ta daina jin Apistan, ta Amurka ta bi sahu kafin ƙarshen shekarun, ta Ingila a 2001. Su biyun dangi ɗaya ne, kaskar da ta gagari ɗaya ta gagari ɗayan. CheckMite mai kumafos bai ma yi wannan daɗewar ba kafin a gagare shi. Babban aibinsu kuma shi ne narkewa a kaki. Shekaru suke yi a ciki, kuma kumafos yana cutar da renon sarauniya. Kai da kakin ma kuɗi ne a wurinka, ana matse saƙa gaba ɗaya a fitar da zuma, ban ga abin da zai kai ka gare su ba.

Wanda ya rage a tsaye a cikin magungunan fallen nan shi ne amitiraz, wanda ke cikin Apivar. Falle ɗaya ga kowace saƙa biyar da ƙuda ya lulluɓe, a bar shi mako shida zuwa takwas, a cire. Inda kaska ba ta saba da shi ba yana wuce kashi 90, zafi ba ya hana shi aiki, ba shi da warin da zai kori ƙuda, kuma ba ya zama a kaki kamar waɗancan, ko da yake yana barin ɓurɓushinsa. In ana maganar tsagwaron kisa a yanayinmu, shi ne kan gaba. Amma shi ma ya fara sanyi a Faransa da Amurka. A farkon 2025 manyan masu kiwo na Amurka sun yi asarar sama da rabin amyoyinsu, kuma da ma'aikatar noman ƙasar ta duba kaskar gidajen da suka mutu, ta tarar da alamar jure wa amitiraz a jikinsu. Abin da ke haifar da haka sananne ne: maimaita magani ɗaya shekara da shekaru, barin falle a akwati bayan ƙarfinsa ya ragu, da haɗe-haɗen gida.

Nan ne maganarka ta shanu ta shigo. Wanda ya gaya maka sinadarin ɗaya ne bai yi ƙarya ba, in kwalbar amitiraz ce. Amma na shanu kashi 12.5 ne, narke cikin mai irin na masana'anta don a dama da ruwa a wanke dabba. Na ƙuda kashi 3.3 ne a kulle cikin roba, yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan tsawon makonni. In ka jiƙa tsumma ko kwali da na shanu, ranar farko ya yi yawa ya kashe 'ya'ya ko ya kori gidan, bayan kwana kaɗan ya yi kaɗan ya zama horo ga kaskar da ke fitowa daga rami. In kuma kwalbar saifametirin ce, irin wadda ake zuba wa saniya a gadon baya, wannan ƙudan kansa zai kashe. Sniper da otapiyapiya ba sai na faɗa ba. Sinadarin da ke cikin Sniper ne ya sa Tarayyar Turai ta hana waken Najeriya shiga ƙasashenta tun 2015. Zumarka kuwa ba Turai za ta ba, Mile 12 da Idi-Araba za ta, inda ake sayenta don mai tari da mai gyambon ciki da tsoho marar lafiya.

Sai magungunan da ake cewa na halitta, waɗanda har yau ba a ga kaska ta gagare su a fili ba. A nan zafi da 'ya'ya ke yanke hukunci.

Asid fomik shi kaɗai ne tururinsa ke ratsa murfin kaki ya kashe kaska a cikin rami, shi ya sa Turawa ke sonsa. Amma takardar Formic Pro ta ce zafin rana ya tsaya tsakanin digiri 10 da 29. Da ya wuce haka sai ya tashi gaba ɗaya, ya ƙona 'ya'ya, sau da yawa ya tafi da sarauniya. A Legas, watan Fabrairu da Maris muna 32 zuwa 33, a ƙarƙashin murfin kwano kuma ya fi haka. Sai a Yuli da Agusta ake saukowa wajen 28, gab da iyaka. Ga shi an auna shi ne da akwatin Turawa mai hawa-hawa, ba dogon akwati mai ƙaramar ƙofa irin naka ba. Ni ba na ba mai kiwo a nan shawarar fomik.

Taimol, man wani ganyen ƙamshi ne, yana cikin Apiguard da ApiLife Var. Ya fi fomik jure zafi, Apiguard har digiri 40, amma masu yin sa sun ce a rage awon zuwa rabi in ana zafi. Aikinsa yana hawa yana sauka, daga kashi 70 da ɗoriya zuwa 90 da ɗoriya. Warinsa yana da ƙarfi, yana shiga zuma, ƙuda yana fitowa ya yi cincirindo a bakin akwati. Ɗan Turai zai daure ya koma. Namu, wanda buɗe akwati sau biyu a mako ma kan sa ya yi fushi ya tafi, ba shi da wannan haƙurin. In za ka gwada, gida ɗaya, ƙaramin awo, a inuwa.

Asid okzalik ne nake ganin ya fi dacewa da mu, in an san lokacinsa. Ba ruwansa da zafi sosai, ba ya zama a kaki, da ma akwai ɗan kaɗan ɗinsa a cikin zuma, kuma yana da araha. Ana narka giram 35 a cikin lita ɗaya ta ruwan sukari, a ɗiga mililita 5 da sirinji a kan ƙudan da ke tsakanin kowace saƙa biyu, kada ya wuce 50 a gida ɗaya. Ko kuma a turara shi da na'urar dumamawa. Sai dai ba ya taɓa abin da ke cikin rami ko kaɗan, kuma aikinsa na 'yan kwanaki ne. In babu rufaffun 'ya'ya yana share sama da kashi 90. In saƙa cike take da su, ko rabi ba lallai ya kai ba. Turawa suna jiran hunturu, lokacin da sarauniya ke daina ƙwai. Mu ba mu da wannan hutun, dole mu nemi gurbi. Gidan da aka raba yana jiran sabuwar sarauniya ta fara ƙwai gurbi ne. Tsakiyar damina, in fure ya yi ƙaranci sarauniya ta ja baya, wani gurbin ne. 'Yan Italiya suna kulle sarauniya a ɗan keji kwana 24 ko 25 har duk 'ya'yan su ƙyanƙyashe, sannan su zuba okzalik sau ɗaya. Hanyar tana ci sosai, amma neman sarauniya a cikin ƙudanmu mai faɗa ba aikin ɗan koyo ba ne. Akwai kuma sabon salo na kwali da aka jiƙa da okzalik da giliserin, wanda aka fara a Ajantina, yana zama makonni kamar fallen roba, don haka yana aiki ko da 'ya'ya. Kada ka maimaita ɗigon a kai a kai, yana wahalar da ƙuda. Kuma ka sa safar hannu da tabarau. Turarin nasa yana ƙona huhu, takunkumin ƙyalle ba ya tare shi, sai abin rufe hanci mai matatar asid.

Wani abu da yawancin takardun magungunan nan suka ɗauka tamkar kowa ya sani: sun ce a cire ɗakin zuma kafin a sa magani. Akwatin Kenya ba shi da ɗakin zuma daban, 'ya'ya a gaba, zuma a baya, rufi ɗaya. Saboda haka duk abin da za ka sa, sai bayan ka gama ɗiban zumar rani, a kuma cire shi tun kafin sabon fure ya buɗe. Daga Disamba zuwa Maris ba lokacin magani ba ne.

Akwai aikin hannu da ba ya cin ko kwabo, kuma akwatinka ya fi na Turawa sauƙinsa. Kaska ta fi son ramin mazajen ƙuda wajen sau goma a kan na ma'aikata, don sun fi daɗewa a rufe. Za ka gane su, ramukan sun fi faɗi, murfinsu ya yi tozo, yawanci a gefen saƙa ko ƙasanta. In sun rufe, sa wuƙa ka yanke wurin, ka ba kaji. Ka ɓare kaɗan tukuna ka gani da idonka, jar kaska a kan farar tsutsa ba ta ɓuya. Sharaɗin kawai kada ka manta da su har su ƙyanƙyashe. Raba gida mai ƙarfi shi ma yana katse mata haihuwa. Raga a gindin akwati taimakonta kaɗan ne. Barbaɗa garin sukari a kan saƙa, da hayaƙin taba, da tafarnuwa, da sauran abin da ake turawa a WhatsApp, suna iya kakkaɓo 'yan kaɗan ka gani a ƙasa ka ji daɗi, amma ba sa rage yawanta a gidan.

Gidan da ya ci gaba da tara kaska alhali maƙwabtansa suna lafiya, ni ba na ɓata masa magani shekara biyu a jere. A canja masa sarauniya daga gidan da lissafinsa ke ƙasa, kuma daga irin waɗannan gidajen za ka riƙa rabo. In wani ya zo maka da tallan sarauniyar Italiya ko ta wata ƙasar Turai wai ba ta harbi, ka ba shi haƙuri. Ita ce za ta mai da kai mai sayen magani na dindindin.

In ka kai ga sayen Apivar ko Apiguard, ka duba ranar lalacewa, ka duba ledar ba a huda ba, domin fallen amitiraz yana rasa ƙarfi da zarar an buɗe shi, balle wanda ya kwana a kwantena a Apapa. Kada ka yi amitiraz sau biyu a jere, ka sa okzalik a tsakani. Ka bar akwati biyu ko uku ba magani don ka sami abin kwatantawa. Mako biyu bayan ka cire maganin ka sake ɗaukar kwalbar nan. In da farko ka ƙirga 15 yanzu ka ga 1 ko 2, ya yi aiki. In ka ga 8, ko maganin ya lalace, ko an sa shi ba a kan lokaci ba, ko kaskar tana shigowa daga wani gida da ke mutuwa kusa da kai wanda ƙudanka ke zuwa wawashe zumarsa, sai ka zagaya gonar ka nemo shi.